Bazara a Darak: Zaman Maƙwabtaka a Ƙasan Tafkin Cadi

A cikin takardun da Nijeriya ta kai gaban Kotun Duniya a birnin Heg, sa'ad da take shari'a da Kamaru a kan iyaka, akwai jerin sunayen ƙauyuka 33 na yankin Tafkin Cadi. Ga yawancin alƙalan, sunaye ne kawai na baƙon harshe. Amma Bahaushe in ya karanta sai ya ji kamar yana gida: Garin Wanzam, Doron Liman, Doron Malam, Sabon Tumbu, Ramin Dorina, Fagge, Naira. Akwai kuma waɗanda aka ɗaura wa wutsiyar Barebarci, kamar Sokotoram da Jibrillaram. Babbansu duka shi ne Darak, wanda yau yake cikin ƙasar Kamaru, a can ƙarshen arewa.

Sunayen nan suna ba da labarin garuruwan. Wani wanzami ne ya fara kafa bukka, wani liman ne, wani kuwa Basakkwace ne da ya zo da 'yan garinsu. Yawancinsu an kafa su ne daga shekarun 1970 zuwa gaba, gama kafin nan wurin da suke ruwa ne, jirage suna wucewa a kai. Saboda haka babu wanda zai ce kakansa ne ya sare dajin. Kowa baƙo ne, sai dai wani ya riga wani zuwa. Yadda waɗannan baƙi suka zama maƙwabta, suka yi kusan shekara 40 suna cin arzikin wuri ɗaya, a lokacin bazara aka fi ganinsa, domin a bakin tafkin nan bazara ce lokacin da aiki yake kai wa wuya.

Dalilin haka yana cikin halin tafkin. Ba ruwan saman da yake sauka a kansa ne yake cika shi ba. Wajen kashi 9 cikin 10 na ruwan da koguna suke kawo masa daga Shari da Logon yake fitowa, su biyun kuwa suna haɗuwa a tsakanin Kuseri da Injamena. Mafarinsu yana da nisa ƙwarai, a ƙasar Afirka ta Tsakiya da tuddan Adamawa na Kamaru. Ruwan da ya sauka can da damina ba ya sauri. Yakan bazu cikin fadamu, ya tsaya, ya sāke tashi, sai wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba yake kai matuƙarsa a Injamena. Tafkin kansa sai cikin ɗari yake batsewa, lokacin da rafukan ƙasar Hausa sun riga sun ƙafe. Daga nan sai ya fara ja da baya. Ba shi da zurfi, rana kuwa tana shanye fiye da mita 2 na ruwansa kowace shekara, don haka in ya sauka da taƙi ɗaya sai fili mai faɗi ya bayyana, baƙar ƙasa mai laima wadda ba ta bukatar taki ko ban ruwa. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, sa'ad da manomin Katsina ko na Maradi yake zaune a inuwa yana duban gabas, manomin Darak yana cikin masara kore shar.

Kafin zuwan baƙin nan tafkin yana da masu shi. A tsibirai akwai Buduma, waɗanda suke kiran kansu Yedina, masu jiragen ciyawa da ake kira kadai, da shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda sukan yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Su ne suke haye da kanwa daga gabas zuwa gaɓar Barno, inda fatake suke saye su kai Kano. Mutanen gaɓa suna tsoronsu saboda hari, shi ya sa a dā ba a cika kafa gari dab da ruwan ba. A kudu akwai Kotoko cikin biranensu masu ganuwa, Makari da Gulfe da Kuseri, gwanayen su a kogi. Akwai kuma Larabawan Shuwa da shanunsu, da Barebari a yamma, da Kanembu a gabas da arewa. Bayan da aka kashe Rabe a Kuseri cikin Afrilu 1900, Ingila da Faransa da Jamus suka raba yankin. Da Jamus ta rasa Kamaru, sai Ingila da Faransa suka tsara iyakarsu a 1919, suka ƙara tabbatar da ita a 1931: miƙaƙƙen layi a bisa ruwa, daga tsakiyar tafkin zuwa bakin kogin Ebeji. A lokacin babu wanda ya damu, gama layin da aka ja a kan ruwa ba ya tare kifi, ba ya tare jirgi.

Abin da ya fara jawo Hausawa da yawa shi ne zaren nailon. Wajen farkon shekarun 1960 aka fara samun komar nailon, wadda ba ta ruɓewa kamar ta zaren gida, mutum biyu kuma suna iya aiki da ita. Masunta suka taho daga Kabi da Sakkwato da Haɗeja, Jukunawa suka taho daga Binuwai, Musgum da Masa da Sara suka gangaro ta Logon da Shari, har daga Mali aka zo. A 1963 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Kifin da aka kama akan yanyanka shi, a babbaka da wutar ciyawa, a shanya, shi ne banda. Daga Baga motoci suke ɗauka zuwa Maiduguri, daga can kuma zuwa Anaca da Inugu da Ikko. A watan Mayu 1964 shugabannin Kamaru da Cadi da Nijar da Nijeriya suka kafa Hukumar Tafkin Cadi a Fotlami, watau Injamena ta yau, suna tsammani tafkin zai tsaya yadda suka gan shi.

Bai tsaya ba. Farin 1973 ya raba shi biyu, wani tudu mai ciyayi ya ɓullo a tsakiya, ɓangaren arewa ya rabu da na kudu. Da farko masunta suka ga kamar alheri ne, domin kifi ya matsu cikin ruwa kaɗan, a 1974 an kama fiye da tan 200,000. Daga baya giwan ruwa da tsage da kawara suka yi ƙaranci, kifin fadama ya maye gurbinsu, watau tarwaɗa da karfasa da bargi da gaiwa. Farin 1984 ya fi na farko tsanani. Buɗaɗɗen ruwa ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000, ɓangaren arewa kuwa ya yi shekaru yana bushewa ƙaƙaf. Mutanen da yunwa ta kora daga ƙasar Hausa da Nijar da Barno suka ji labari cewa akwai inda ake shuka ba ruwan sama, suka kama hanya. Masuntan da suka riga su zuwa su ma suka ɗauki fartanya.

A nan ya kamata a lura da wani abu. A daidai wannan lokaci gwamnatin Nijeriya ta zuba kuɗi mai yawa a wani babban aikin ban ruwa a Marte, wanda aka buɗe a 1979, da nufin noma hekta 67,000 ta wurin jawo ruwan tafkin cikin magudana. Ruwan ya janye ya bar bakin magudanar a busasshiyar ƙasa, injuna suka tsaya. Masana sun gina abin da ba ya motsi a bakin ruwan da ba ya zama. Talakawa kuwa, da ba su da kome sai zana da jirgi da iri, suka bi ruwan duk inda ya tafi, su ne suka cika kasuwannin Maiduguri da Kuseri da masara da wake.

Ga yadda gari yake kafuwa. Masunta sukan ga wani tudu ya ɓullo, abin da mutanen tafki suke kira tumbu, su kafa bukkoki na 'yan watanni. In shekara biyu ko uku ruwa bai rufe shi ba, sai wani ya kawo iyalinsa. Wanda ya fara zama shi yakan zama bulama, amma sai ya je ya kai gaisuwa wurin masu tsohuwar gaɓa, ko lawanin Barebari ta wajen Wulgo, ko sarkin Kotoko a Makari, su yarda da shi. Daga nan babban abin da bulama yake nema shi ne mutane. Gari mai jama'a shi yake samun kasuwa, shi motoci suke zuwa, bulama kuma yana da rabonsa cikin amfanin gona, wanda yake kai wani sashi ga na sama da shi. Saboda haka ba a tambayar baƙo ko ɗan wane ne. A ba shi masauki, a nuna masa inda zai sare. Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne, amma a tumbu raɓar nan ita ake roƙo ta zauna.

Gonar da aka ba mutum kuwa ba irin ta gida ba ce, wadda ɗa yake gāda daga ubansa har jikoki. In ruwa ya zo da yawa, gonakin kwari ba za su fito ba sam, sai na tudu su yi kyau. In ya zo kaɗan, na tudu ba su sha ba, sai a bi kwari. Babu wanda ya san rabonsa sai ruwa ya fara sauka. Don haka wanda ya ba maƙwabcinsa aron gefen gona bana ya sani sarai baɗi mai yiwuwa shi ne zai zo roƙo. Wannan ne tushen zumuncin wurin, ba wai mutanen sun fi na sauran wurare kirki ba ne. Mai rowa a tumbu kansa yake cuta.

To, bari a dubi bazarar kanta, kamar yadda take a shekarun 1980 da 1990. Tun daga ƙarshen kaka 'yan cin rani suke isowa, samari da magidanta waɗanda suka gama girbi a gida. Suna sauka wurin 'yan garinsu, shi ya sa unguwanni sukan ɗauki sunan inda mutanensu suka fito. Da ruwa ya fara ja, sai a shiga sassabe. Aiki ne mai wuya, gama ciyawar tafki ta fi mutum tsawo, saiwoyinta kuma a sarƙe suke kamar tabarma. A sare, a bari ta bushe, a sa wuta, sa'an nan a bi laima da sanda ana huda rami ana jefa iri. Ba a shuka gona duka rana ɗaya. Wannan mako a shuka inda ya fito, mako mai zuwa a ƙara gaba, har mutum yakan ga masara mai goyo a bayansa, ga wadda ta fara tsiro a gabansa, ga ruwa can gaba kaɗan. Bayan masara akwai wake, da dankali, da kuɓewa, da kankana, da rake. Mai gona babba yakan ɗauki 'yan ƙodago, marar kuɗi kuwa ya kira gayya.

Fili ɗaya yana da masu shi uku a shekara. Sa'ad da ruwa yake kansa na masunci ne. Da ya janye, burgu ya fito, sai makiyayi ya iso, Bashuwe ko Bafillace, da shanun da suka rame a jeji. Manomi kuma yana jiran nasa. In an yi sa'a, kowa yana taimakon kowa: shanu su cinye ciyawa su tattake sauran, sassabe ya yi sauƙi, bayan girbi kuma su dawo su ci kara. Matan makiyaya suna kawo nono da man shanu, su koma da masara da kifi. Amma tsakanin sa'a da rigima kwana kaɗan ne. In garke ya makara da fita, ko manomi ya shuka a kan burtalin da shanu suke bi zuwa ruwa, sai a ji ihu. Yawancin irin wannan ƙara a zauren bulama take ƙarewa. A tura dattawa su duba ɓarna, a yanka abin da za a biya, a yi musafaha. Ba don ƙauna kaɗai ba. Kowa ya san in magana ta kai wurin masu kaki, da mai gona da mai shanu duka za su yi hasara.

Bazara takan sāke fasalin garin ma. Tumbun da ba a kai shi sai da jirgi a watan Janairu, a watan Afrilu mota tana shiga har kasuwa. Mashigin jirage yana ta matsawa nesa, sai masu jakuna da amalanke su sami sana'ar ɗauko kaya daga bakin ruwa. Inda ciyawa ta toshe hanya, masu jirage sukan haɗu su sare, su yashe, don kada gari ya yanke da ruwa. Ruwan sha ba wuya, a haƙa kamu biyu ko uku a tarar da shi, mai daɗi kuwa, gama tafkin nan ko da yake ba shi da mafita, ruwansa ba na gishiri ba ne. Zafi yakan wuce awo 40. Da tsakar rana ba ka jin kome sai kukan kurciya da ƙarar injin niƙa, maza suna ƙarƙashin rumfa suna ɗinkin koma, hayaƙin banda ya rufe unguwar masunta.

Wajen banda hannun mata yana da ƙarfi. Suna fawar kifi, suna ƙyafewa, suna tuyar mai, suna sayar da tuwo ga dubban gwauraye 'yan cin rani waɗanda ba su da mai dafa musu. Mace mai tukunya a bakin kasuwa takan san labarin gari fiye da bulama: wanda ya ci bashi, wanda matarsa ta yi yaji, wanda ya aika da kuɗi gida, wanda ya cinye nasa a caca. Ta wurin adashi mata da yawa suka sayi jirgi ko koma suna ba maza haya. Bashi kuwa shi ne igiyar da ta ɗaure kowa. Fatoma, watau mai masaukin fatake, yana karɓo kuɗi daga attajirin Maiduguri ko na Anaca, ya ba masunci ƙugiya da zare da hatsi, shi kuwa masunci ba zai sayar da kifinsa ga wani ba sai shi, a kan farashin da ba masunci ne ya yanka ba. Babu takarda, babu sa hannu. Abin mamaki shi ne yadda amanar nan ta riƙe shekara da shekaru tsakanin mutanen da ba harshensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba. Abin takaici kuma shi ne masunta da yawa sun tsufa ba su fita daga bashin ba.

Harshen da ya haɗa su a kasuwa Hausa ne, tare da Larabcin Shuwa da Barebarci. Musulmi ne suka fi yawa, amma cikin Jukunawa da Masa da Musgum da Sara da 'yan kasuwar Ibo akwai Kirista da dama, a manyan garuruwa kuma sun kafa majami'unsu na zana da kwano. Wanda yake hutun Lahadi da wanda yake hutun Juma'a sukan yi tarayya a jirgi ɗaya. In gobara ta tashi, abin da yake yawan faruwa a garin da aka gina da ciyawa ana kuma ƙyafe kifi a cikinsa, ba a tambayar bukkar wane ne take ci. Haka nan in kwalara ta shigo. Cutar nan ta fara isa yankin a 1971, ta yi ɓarna ƙwarai a Gulfe, tun daga nan kuma ba ta daina komowa ba.

Da magariba sauro yake karɓar gari. Wanda bai kwana a bakin tafkin ba, da wuya ya gaskata labarinsa. Ana cin tuwon dare da wuri, a turara wa dabbobi hayaƙi, kowa ya shige gidan sauro, hira kuwa daga cikin gidan sauro ake yinta, wannan yana magana daga bukkarsa wancan yana amsawa. Masu gadin gona suna kwana a kan dakali da gwangwani da wuta saboda dorina, gama dorina ɗaya tana iya share aikin wata guda a dare ɗaya. Sunan Ramin Dorina ba don ado aka sa shi ba. Amma inda kuɗi yake shiga hannun samari nesa da iyayensu, ba a rasa wasa. Akwai dambe da kokawa, akwai majigi, akwai gidajen goge. Jibrillaram ta yi suna da unguwar nishaɗinta, har wata masaniya Bajamushiya ta yi rubutu a kanta cikin littafin da Matthias Krings da Editha Platte suka fitar a 2004 game da zaman tafkin. Malamai da fastoci sun yi ta faɗa a kan haka. Wani ɗan cin rani yakan koma gida da buhunan masara da kuɗin aure, wani kuwa ya koma da rigar da ya zo da ita, wani ma kunya ta hana shi komawa, ya zama ɗan gari.

Babbar rigimar masunta a kan dumba ce. Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka fara jera gura, irin tarkon da masuntan Mali suka kawo, ɗaruruwa a layi ɗaya, a datse mashigin da kifi yake bi sa'ad da ruwa yake komawa. Wanda ya sami wuri mai kyau ya kwashe kifin da dā zai isa ga masu ƙugiya da masu birgi a bayansa. A nan tsarin bulama ya kāsa, domin kuɗin da yake cikin dumba ya fi ƙarfin zaure. Doka ta hana datse ruwa, amma ana biya a datse, mai kuɗi da mai sanayya a wurin hukuma su suke samun mashigi mai kyau. Masu karɓa kuwa suna da yawa: na gargajiya, na ƙaramar hukuma, ma'aikatan kifi, 'yan sanda, soja, kwastan. Buhun banda kafin ya kai Maiduguri ya gaisa da hannuwa ba iyaka.

Sa'an nan ga maganar iyaka. Layin da aka ja a kan ruwa yanzu ya faɗo a kan gonaki, mutanen da suka bi ruwa daga gaɓar Barno sun ƙetare shi ba su sani ba, ko kuwa sun sani ba su damu ba. A 1983 sojojin Cadi da na Nijeriya suka yi faɗa a kan waɗansu tsibirai, aka rufe iyaka, kasuwa ta tsaya. Wannan ya sa Hukumar Tafkin Cadi ta sa aka auna iyakokin aka kafa duwatsu tsakanin 1988 da 1990, amma Nijeriya ba ta amince da sakamakon ba. Bisa ga ƙarar Kamaru, tun 1987 sojojin Nijeriya suka kafa tuta a Darak. Nijeriya kuwa ta ce mutanenta ne suka kafa garuruwan, ita take karɓar haraji ta hannun ƙaramar hukumar Ngala, ita ta kawo makaranta da ɗakin magani da 'yan sanda, Kamaru ba ta ce uffan ba. Kamaru ta kai ƙara cikin Maris 1994 a kan Bakasi, a watan Yuni ta ƙara da maganar tafkin.

Ran 10 ga Oktoba 2002 kotu ta yanke hukunci. Ta ce iyakar 1931 tana nan daram, zaman mutanen wata ƙasa a wuri da mulkin da aka yi musu ba su ba ƙasarsu mallakar wurin. Ta kuma rubuta alkawarin da Kamaru ta yi na kiyaye 'yan Nijeriya da suke zaune a yankin. Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya suka sadu da Kofi Annan a Janeba cikin Nuwamba, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa, a watan Disamba 2003 aka sauke tutar Nijeriya a ƙauyuka fiye da 30 ba tare da an harba bindiga ba. Mutumin da ya kwana a Jihar Barno ya tashi a lardin Logon da Shari. Waɗansu suka kwashe zanansu suka koma yamma da layin. Da yawa suka zauna, gama gonarsu da jirginsu da masu binsu bashi duk a nan suke. Aka kawo superfe da jandarmomi, yara suka fara karatu da Faransanci, maganar takardar zama ta zama sabuwar ƙofar karɓar kuɗi. Amma a kasuwa naira da sefa suka ci gaba da tafiya tare, kifi kuma bai daina nufar Nijeriya ba. Binciken da masana suka yi wa Hukumar Tafkin Cadi a 2014 ya ƙiyasta mutum wajen miliyan 2 ne suke zaune a tafkin da gaɓarsa, abincin da suke fitarwa kuwa yana kai ga wajen miliyan 13.

Abin da fari bai yi ba, shari'a kuma ba ta yi ba, yaƙin Boko Haram ya yi. A Janairu 2015 aka ƙone Baga da Doron Baga, babbar kasuwar banda ta mutu na tsawon shekaru. A watan Mayu na shekarar nan Nijar ta kwashe mutanen tsibiranta. Gwamnatoci suka hana su da fataucin kifi a wurare da yawa don kada kuɗin ya shiga hannun mayaƙa. Bayan da ƙungiyar ta rabu a 2016, ɓangare ɗaya ya kafu a tsibirai yana karɓar haraji daga masunta da makiyaya. Darak kanta an kai mata babban hari a watan Yuni 2019, aka kashe sojoji da mutanen gari. Hasarar da ba a iya ƙirgawa ita ce ta yarda. Baƙon da dā ake yi wa maraba, yanzu sai an tambayi wanda ya san shi. An yi wa Buduma kuɗin goro da zargi, mai laifi da marar laifi. Baƙi da yawa da suka zo daga kudu sun tattara nasu ya nasu sun koma, 'yan cin rani suka ragu. Kudu da tafkin ma, a fadamar Logon, rigimar masunta Musgum da makiyaya Shuwa a kan ramukan tare ruwa, irin wadda dā dattawa suke kashewa, ta zama yaƙi a 2021, dubban mutane suka haye zuwa Cadi.

Ruwan kuwa bai ƙare ba, ko da yake an daɗe ana cewa tafkin yana gab da mutuwa. Hotunan tauraron ɗan adam sun nuna tun shekarun 1990 ya daina raguwa, sashi mai yawa na ruwansa yana ɓoye ne a ƙarƙashin ciyayi. A 2022 da 2024 Shari ya kawo ambaliya irin wadda aka yi shekaru da dama ba a gani ba, ta ci gidaje a Injamena da Kuseri da ƙauyukan bakin tafki. In bazara ta yi, ruwan yakan janye kamar kullum, baƙar ƙasa ta fito. Masu sandar shuka suna nan suna bin laima a kewayen Darak da Bilangwa da Hile Alifa, sai dai ba su cika yin nisa ba. Wanda yake so ya shuka a tumbu mai nisa, bayan ya ga bulama sai ya ga soja, bayan soja kuma akwai waɗanda suke cikin ciyawa.